Jimla Guda Ta Kusa Raba Ni da Aikina

Jimlar da ta jawo aka dakatar da ni daga aiki kalma goma ce kacal, kuma babu kuskuren nahawu ko ɗaya a cikinta. Da hannuna na rubuta ta, na sa hannu a ƙasa, na miƙa ina ganin na wanke kaina. Ga abin da na rubuta: "I was reporting the noise when the pump broke down." Abin da ke raina shi ne na daɗe ina sanar da na gaba da ni cewa famfon nan yana wata irin ƙara, ba a yi komai ba har ya tsaya. Abin da waɗanda suka karanta suka fahimta kuwa daban ne, kuma su ne da gaskiya a kan abin da ke cikin takardar. Sai da na yi kwana goma sha ɗaya a gida babu aiki kafin na gane haka.

A lokacin ina aikin dare a wata masana'anta, ni ne mai kula da injuna. Ba ni nake gyara ba, nawa sa ido ne. In zaga, in duba ma'aunin zafi da na ƙarfin ruwa, in saurara, in rubuta abin da na gani a littafin aiki, da safe in yi wa shugaban sashe bayani kafin in tashi. Cikin injunan akwai wani babban famfo mai tura ruwan da ke sanyaya sauran. Idan ya tsaya, komai ya tsaya.

Wanda ya daɗe da inji, da kunne yake fara sanin ciwonsa. Wani dare ina wucewa sai na ji wani siririn sauti a ƙarƙashin gurnanin da na saba ji, kamar ana fito daga nesa. Na tsaya, na kara kunne, na ɗora tafin hannuna a kan murfin da boris yake ciki. Da ɗumi, amma ba na tashin hankali ba. Na rubuta a littafi, da safe na gaya wa shugaban sashe. Ya ce ya ji, zai yi wa injiniya magana. Bayan mako guda fiton ya koma kamar ana niƙa yashi. A mako na uku kuwa, in na ɗora hannu a murfin ba na iya ƙirga biyar ban janye ba, ga ruwa ya fara tsatsafowa yana jiƙa daɓen. Kowace safiya sai na faɗa, kowace safiya amsa ɗaya: "Na ji, ana kan magana." Ban zarce wurin injiniya da kaina ba, domin an horar da mu kada ƙaramin ma'aikaci ya tsallake na gaba da shi.

Daren da abin ya faru, wajen ƙarfe 2, ƙarar ta yi tsanani har na ɗauki waya na kira shugaban sashen a gida. Muna cikin magana na ji wani ƙarfe ya buga, wari ya tashi, famfon ya yi shiru. An yi kwana huɗu ba a yi aiki ba a masana'antar.

Rana ta biyu aka miƙo mini takardar tuhuma, aka ce in yi bayani a rubuce, da Turanci, cikin awa 24. Ba na tsoron Turanci a lokacin. Na gama sakandare, ina karanta littafin umarnin inji ba tare da taimakon kowa ba, ina magana da injiniyoyi su gane ni in gane su. Na zauna na cika shafi guda. Na faɗi sunana da aikina, na faɗi yadda daren ya kasance, sannan na kawo jimlar nan da nake ganin ita ce garkuwata. A raina na fassara "ina ta kai rahoto" zuwa "I was reporting", na ga ya zauna daidai.

Da na shiga gaban kwamitin, mutum uku ne. Shugabansu ya karanta takardata, ya ɗago ya tambaye ni da Turanci ko a daren na kai rahoton ƙarar. Na ce e, domin gaskiya ne, a daren ma na kira. Ya sake tambaya ko ina kan wayar ne famfon ya lalace. Na ce e. Ya rubuta wani abu, ya ce in tafi. Ko minti biyar ban yi ba. Washegari takarda ta fito: an dakatar da ni ba albashi har sai an yanke hukunci, saboda inji ya daɗe da ciwo, mai kula da shi bai sanar ba sai a daren da ya mutu.

Ba zan iya kwatanta yadda na ji ba. Da laifi na yi, da na haƙura. Amma mako uku ina magana, a ƙarshe a ce ni ne na yi shiru. Na zargi shugaban sashe da cin amana, na zargi kwamitin da son kai, na ce dama ƙaramin ma'aikaci shi ne jakin da ake ɗora wa kaya. Dare ya yi, lokacin da jikina ya saba da zagaye tsakanin injuna, sai in zauna a bakin gado ido biyu har asuba. Matata ba ta taɓa tambayata me za mu yi ba, amma ina ganin yadda take ƙirga abin da ya rage a hannunmu.

Ita ce ta ce in je wurin Baba. Aminin mahaifina ne, ya koyar da Turanci shekaru masu yawa kafin ya yi ritaya. Na je ne don ya taimaka mini in rubuta takardar ɗaukaka ƙara mai zafi, wadda za ta tona asirin kowa. Ya saurare ni har na gama huci, sannan ya ce in ba shi kwafin abin da na rubuta da farko. Ya sa tabarau, ya bi shafin da yatsa a hankali. Da ya zo kan jimlar sai yatsan ya tsaya.

Ya ce, "Ɗana, ajiye Turancin nan tukuna. Faɗa mini da Hausa, yaushe ka fara gaya musu?"

Na ce, "Baba, ai ko da famfon ya tsaya, na yi mako uku ina gaya musu."

Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya juyo mini da takardar ya ce, "To nuna mini inda ka faɗi haka a nan."

Na nuna masa jimlar. Ya girgiza kai. Ya ce abin da ke nan shi ne: kana tsakiyar kai rahoto sai famfo ya lalace. Lokaci guda, dare guda. Babu mako uku a ciki, babu ma jiya. Mutanen nan ba su yi maka ƙarya ba, bakinka suka bi. Kuma da suka tambaye ka, sau biyu ka ce musu e.

Na yi shiru. Wani abu mai nauyi ya sauko mini a ƙirji, domin tun kafin ya gama bayani na fara jin gaskiyarsa.

Ya jawo wata tsohuwar ambulan, ya juya bayanta, ya ja dogon layi daga hagu zuwa dama. A ƙarshen dama ya rubuta "yau". A tsakiya ya yi alamar gicciye, ya rubuta "daren da famfo ya tsaya". Ya ce duk mai ba da labarin abin da ya wuce da Turanci, turke yake kafawa a wani lokaci, sannan ya auna sauran abubuwa da wannan turken. Turkenka shi ne daren nan. Abin da ya faru a kan turken, da past simple ake faɗinsa, shi ne "broke down". Abin da ke cikin gudana daidai wannan lokacin, shi ne mai "was" da aikatau mai ƙarewa da "ing", wanda ka yi amfani da shi. Abin da ya riga turken kuwa, "had" yake bukata. Sai ya koma hagu da biron, nesa da gicciyen, ya ja wani layi mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa, ya taho da shi har ya taɓa gicciyen. Ya ce, "Wannan ne mako ukunka. Ya fara tun kafin turke, ya yi ta tafiya har ya iske shi. Sunansa past perfect progressive."

A ƙarƙashin layin ya rubuta: "I had been reporting the noise for three weeks when the pump broke down."

Ya rarraba mini shi gida uku. "Had" ita ce mai mayar da aikin can baya, kafin turke. "Been" ita ce mahaɗin da ba a tsallakewa. "Ing" da ke wutsiyar aikatau ita ke nuna cewa abin ba sau ɗaya aka yi aka gama ba, ya ɗauki lokaci ana yi, ko an yi ta maimaitawa. Ya ce wani sauƙi da wannan siga take da shi, "had" ba ta canzawa. Ko ni ne, ko shi ne, ko su ne, "had been" ce dai, ba kamar "has" da "have" da ke rikita ɗalibai ba.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya buɗe mini kai gaba ɗaya. Ya rubuta jimlar sau huɗu, kalmomi iri ɗaya, aikatau na farko kawai yake sauyawa, ya ce in karanta kowace in faɗi wanda ke da laifi.

Ta farko: "I reported the noise when the pump broke down." Ya ce wannan ihu bayan hari ne, famfo ya tsaya sannan ka buɗe baki. Ta biyu ita ce tawa, mai "was reporting": kana cikin magana abin ya auku, wato ka farka, amma a makare. Ta uku: "I had already reported the noise when the pump broke down." Wannan ta fi, domin ta nuna rahoto ya riga lalacewa, sai dai ba ta ce sau nawa ba, mai karatu zai iya ɗauka sau ɗaya ka faɗa ka manta. Ta huɗu, mai "had been reporting", ita kaɗai ce ta ɗauko labarin yadda yake: ka fara da wuri, ba ka daina ba, har abin da kake gudu ya faru.

Na daɗe ina kallon ambulan ɗin. Mutum huɗu ne a jikinta, daga mai sakaci zuwa wanda ya sauke nauyinsa, kuma abin da ya raba su bai wuce kalma biyu ko uku ba. Ni na huɗun ne, na shiga gaban kwamiti da rigar na biyu.

Na tambayi Baba me ya sa na yi wannan kuskure alhali da Hausa ban taɓa rikicewa a kan abin da ya riga wani ba. Amsar da ya ba ni har yau ina tuna ta. Ya ce dubi "ina aiki". Kana iya cewa yanzu ina aiki, ka ce jiya ina aiki ya shigo, ka ce gobe war haka ina aiki. "Ina" ba ta motsa ba. Ita abin da take gaya maka shi ne aikin yana gudana, ba ta damu da yaushe ba. Haka "na gama": jiya na gama, kafin ka zo gobe na gama. Mu lokaci da jerin aukuwa a wasu kalmomi muke ɗora su, irin su ko da, tun, kafin, dama, na riga, na daɗe, na jima, ashe. Da ka ce "ko da ya tsaya na yi mako uku ina gaya musu", ka yi duk abin da "had been reporting" ke yi, ba ka ma san ka yi ba. Turanci kuwa cikin aikatau yake cusa wannan aikin. Kai da ka zo fassara, ka ɗauki "ina" ka mayar da ita "was", ka bar "ko da" da "na yi mako uku" a Hausa ba ka ƙetare da su ba.

Daga nan na daina ganin abin a matsayin wata ƙa'ida ta Turawa mai wuyar sha'ani. Tunani ne da nake yi kullum da harshena, wurin ajiye shi ne kawai ya bambanta.

Baba bai rubuta mini takardar ba. Ya ce hannuna ne ya ɗaure ni, shi zai kwance ni. Na koma gida na rubuta, na dawo washegari, ya kama kuskure biyu. Na rubuta "since three weeks", ya ce a'a. "For" tana tafiya da tsawon lokaci, kamar mako uku ko awa biyu. "Since" kuwa wurin farawa take nunawa, kamar Litinin ko ƙarfe 8, ita ce "tun" ɗinmu. Na biyun, don ɗokin sabon abin da na koya, na rubuta "I had been knowing about the fault". Ya ce akwai aikatau da ba aiki suke nunawa ba, hali ko yanayi ne, irin su know da believe da own da belong. Ba a cika sa musu "ing" ba, don haka sai dai "I had known about the fault for three weeks". Sani ba abu ne da mutum ke ta yi yana maimaitawa ba, ko ya sani ko bai sani ba.

Ya kuma nuna mini wani aikin da sigar ke yi, wato bayyana dalilin abin da aka gani. Ka shiga ɗaki ka tarar idon yaro ya yi ja, ka ce "His eyes were red because he had been crying." Ba lallai yana kukan ba sa'ad da ka shigo, ƙila ya share hawaye, amma alamar ta rage. Da wannan na rubuta jimlar ruwan da ya jiƙa daɓe: "The floor was wet that night because the pump had been leaking since Monday." Na so in ƙara cewa ba a sa wa boris ɗin giris ba, Baba ya tambaye ni ko na gani da idona. Na ce zato nake. Ya ce to cire. Ya sa na cire duk wani zagi da zargi, ya bar abin da na gani, abin da na faɗa, da ranar da na faɗa. A ƙarshe ya ce in roƙi kwamitin su buɗe littafin aiki.

Mutum zai ce me ya hana su buɗe littafin tun farko. Na yi wa kaina wannan tambayar sau da yawa, kuma har yanzu ina ganin ya kamata su buɗe, domin bai dace abincin mutum ya rataya a kan jimla ɗaya ba. Amma wanda ake tuhuma da kansa ya rubuta cewa a daren ya yi magana, ya kuma tabbatar da baki. Ba kowa ne zai je neman hujjar da mai ita bai yi iƙirari ba.

Zama na biyu ya bambanta da na farko tun daga yadda shugaban kwamitin ya riƙe takardar. Ya karanta, ya koma sama ya sake karantawa, sannan ya dube ni ya ce, "How long had you been reporting it?" Da a zaman farko ya yi mini wannan tambayar, ban tabbata zan ji bambancinta da sauran ba. A ranar kuwa na ji "had" ɗin nan ta fito fili, na gane yana tambayata ne game da layin nan mai lanƙwasa da ya riga turke. Na ce, "For three weeks, sir." Aka aika aka kawo littafin. Ya riƙa buɗe shafi yana sa alama da biro, ina jin ƙarar takarda kawai. Sau 16 na rubuta maganar famfon, kowace da kwanan wata da sa hannuna. A wasu shafukan har da sa hannun shugaban sashe a ƙasa, alamar ya gani.

Aka kira shi. Ban ji daɗin ganin yadda ya tsaya ba, domin ba mugun mutum ba ne. Ya amsa cewa na gaya masa, ya ce ya faɗa wa na sama sau ɗaya, da aka ce a jira sai ya bar maganar. Aka mayar da ni aiki, aka biya ni albashin kwanakin da na zauna. Da na je na gaya wa Baba, ya yi hamdala, ya miƙo mini ambulan ɗin nan ya ce in ajiye. Tana nan cikin takarduna har yau. Shi kuwa Allah ya yi masa rasuwa bayan 'yan shekaru, Allah ya ji ƙansa.

Tun daga wannan lokacin na koma karatun Turanci da gaske, da rana bayan na yi barci. A makaranta an ba mu jadawalin sigogin lokaci 12, mun haddace, mun ci jarrabawa. Past perfect progressive tana can ƙasa a lungu, malami ya ba da misali ɗaya ya wuce, mu ma muka ɗauka ado ce da ba a bukata. Ina ganin a nan ake cutar ɗalibi. Da an ɗauki jimla ɗaya an juya ta sau huɗu an tambaye mu wa ke da laifi, babu wanda zai manta. Na kuma gano cewa wasu littattafai, galibi na Ingila, suna kiranta past perfect continuous, na Amurka kuma progressive, abu ɗaya ne. Daga baya na karanta cewa wani masanin falsafa ɗan asalin Jamus, Hans Reichenbach, ya yi bayani a 1947 cewa fahimtar lokaci a jimla tana bukatar abu uku: lokacin da ake magana, lokacin da abin ya faru, da lokacin da ake auna shi da shi. Da na karanta sai na ga ambulan ɗin Baba, da "yau" a dama, da gicciye a tsakiya, da layi mai lanƙwasa a hagu.

Da idona ya buɗe sai na riƙa ganin sigar a wuraren da a da nake wucewa. Idan za ka ba da labarin maganar wani, wanda ya ce "I have been waiting" sai ka ce "He said he had been waiting", maganar ta ja baya taki ɗaya. Idan mutum yana nadama, ya ce "If I had been paying attention, I would have seen it", irin tamu ta "da ina lura, da na gani". A magana kuwa "had" ɗin takan lanƙwashe ta koma harafi ɗaya, "I'd been waiting", har kunne ya kasa kama ta, kuma ina jin wannan na cikin abin da ya sa da yawa daga cikinmu ba mu san ana amfani da ita sosai ba. Na kuma koyi cewa ba ko'ina ake zuba ta ba. Akwai lokacin da na riƙa sa "had been" a kusan kowane layi na rahotona, sai wani injiniya ya ce mini da zarar ka nuna wa mai karatu abin da ya riga wani, koma past simple ka ci gaba da labari. Baba ma ya taɓa gaya mini cewa da na rubuta "I reported the noise every day for three weeks before the pump broke down", da ta fisshe ni, domin "before" da "every day" sun ɗauki nauyin. Abin da ba shi da magani shi ne a bar jerin aukuwar ba a nuna shi ba ta kowace hanya.

Akwai wani wuri guda da nake so duk mai aikin da ya shafi rahoto ya kula da shi, domin na ga ya kusa jawo asara. "The valve had been repaired" da "They had been repairing the valve" sun yi kama a ido, dukansu da "had been". Ta farko tana cewa an gyara, an gama. Ta biyu tana cewa an yi ta gyara, ba ta yi alkawarin an gama ba. Wani dare wani abokin aikina ya karanta ta biyun a littafi, ya ɗauka ta farko ce, ya kai hannu zai buɗe layin ruwa. Allah ya sa ina kusa, na ce mu je mu duba tukuna. Muka tarar da bawul ɗin a kwance, notuna huɗu a ƙasa kusa da sifana.

Yanzu ni ne shugaban sashe, ni ake kawo wa rahoto. Kwanakin baya wani yaro cikin sababbin ma'aikata ya sami matsala, bel ɗin wani inji ya tsinke a hannunsa, aka ba shi takardar tuhuma. Kafin ya miƙa amsarsa ya kawo mini in duba, hannunsa na rawa. A tsakiyar shafin na ga: "I was telling my senior about the belt when it cut." Gabana ya faɗi, na ga kaina a tsaye a wurin. Na jawo masa kujera, na ce ya ajiye Turancin ya faɗa mini da Hausa, yaushe ya fara gaya wa na gaba da shi. Har na ɗauko takarda zan ja layi.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya tun Talata na ga bel ɗin ya fara zarewa, amma ban faɗa ba. Na ɗauka zai kai ƙarshen mako. Sai a ranar na je ina gaya masa, muna tsaye ya tsinke."

Na ja layin duk da haka. Na yi gicciyen, na nuna masa inda "was telling" take zaune, daidai kan turke, na ce jimlarsa daidai take, kada ya taɓa ta. Sannan na koma hagu na ja layin nan mai lanƙwasa daga Talata, na ce akwai abin da ya daɗe yana faruwa a nan, shi ma sai ya shiga takardar. Ya yi shiru yana kallon layin, sannan ya karɓi biron ya rubuta da kansa: "The belt had been wearing out since Tuesday, but I had not reported it." Na karanta, na ce ya sa hannu. Da aka kira shi gaban kwamiti na raka shi, na nemi izinin magana, na gaya musu cewa ba wanda ya san maganar Talatar nan sai shi, kuma shi ya kawo ta da kansa.